Yadda ake fara gudun motsa jiki a duwatsun Jos ba tare da ka kashe gwiwarka ba

Wani abokina ya zo min hutu daga Kano, mutumin da kullum sai ya zagaye kilomita 10 kafin ya buɗe shago, ya matsa lallai sai na kai shi duwatsun Shere da ke gefen Jos ya ga abin da muke ta cika baki a kai. Wallahi ko minti 15 ba mu yi da fara hawa ba ya dafa gwiwa yana haki kamar wanda kare ya biyo. Kuma ba ragwanci ba ne fa. Garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Kano ko 500 ba ta kai ba, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800, iskar da kake shaƙa a can ba ta ƙosar da huhu kamar ta ƙasa. To ga wanda yake son ya bar kwalta ya koma gudun kan dutse, ga yadda ni dai na ga ya fi.

Da farko ka cire lissafin kilomita daga kanka gaba ɗaya. A dutse da agogo ake aiki. Kilomita 5 ɗin da kake gamawa cikin rabin awa a titin Bauchi Road tana iya cin maka awa guda cur a hanyar Shere, in kuma ka ce sai ka kamo lokacinka na kwalta to ranar za ka tsani abin. Ka ce yau minti 40 zan yi, 20 tafiya 20 dawowa, agogo na cika ka juya ko da kana hango saman dutsen kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Dutse akwai yaudara, ka hau wanda kake gani sai ka tarar da wani a bayansa ya fi shi.

Sai zaɓen wuri, kuma kar ka fara da Shere. Sati biyu ko uku na farko ka nemi hanyar burji mai ɗan hawa da gangara, irin na wajen Rayfield ko gefen dam ɗin Lamingo, jikinka ya saba da taka ƙasa mara daidai. Daga nan sai gidan namun daji na Jos, wato Wildlife Park da ke hanyar Miango, wanda aka kafa tun 1972, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 8 ne, akwai tuddai da inuwar dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura. Shi wannan wurin gwamnati ne, ana biyan kuɗin shiga, don haka ka fara zuwa da rana ka gaisa da masu ƙofa ka ji ƙarfe nawa suke buɗewa da kuma inda aka yarda mutum ya bi, kar ka je ka tsallaka shinge da asuba a ɗauke ka mafarauci. Sai ka ji ƙafa ta zauna sannan ka fuskanci Shere ta ɓangaren Lamingo, inda makarantar horar da matasa ɗin nan take, wadda kowa ke ce wa Mountain School. Zuwan farko kar ma ka yi gudu, ka taka da ƙafa tare da wanda ya san hanya, kana lura da inda ta rabu biyu.

Takalmi. Nan ne mutane ke yin ganganci. Kambas mai sulɓin ƙasa na yawon gari ba zai yi ba, ka juya takalmin ka duba, in ba shi da haƙora kamar tayar babur ka ajiye. Ba sai sabo ba, gwanjon kasuwar Terminus ko ta Katako ma ana dacewa da masu kyau, sai dai ka lanƙwasa shi ka ga ko gam ya fara saki, kuma ka ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka da kamar faɗin babban yatsa, don a gangara yatsu gaba suke tafiya, in ya matse farce zai yi baƙi ya fita. Safa mai kauri, doguwa ta fi saboda ƙaya da kaska. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, kowa ya san sanyin Jos ba wasa, amma kar ka jibga rigar sanyi mai nauyi, riga biyu marasa kauri sun fi, in jiki ya ɗau zafi ka cire ɗaya ka ɗaura a ƙugu. Man leɓe da hular da za ta rufe kunne kar a manta. 'Yan'uwa mata kuma ƙaramin hijabi mara jan ƙasa da wando mai ɗan sakewa a ƙarƙashin riga, dogon zane kama ƙafa yake a hawa.

Abin da za ka riƙa ba yawa: gorar ruwa ko fiya wata biyu a ƙaramar jaka, dabino kamar biyar ko ayaba, waya da caji cike, da ɗan canji na keke. Ledar ruwan ka mayar aljihu don Allah, haushi nake ji in ga an watsar da ita a saman dutse. Sabis yana ɗaukewa a wasu kwaruruka, saboda haka ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gida, in kana da Strava, manhajar nan ta masu gudu, ka kunna, ko ba komai za ta nuna maka layin da ka biyo in hanya ta rikice.

Maganar tsaro ba ta buƙatar dogon bayani ga ɗan Jos. Kar ka je kai kaɗai, ku zama uku ko fiye, a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowa, in gari ba lafiya ko an sa dokar hana fita a haƙura. Ku fita bayan asuba in gari ya fara haske sosai, ba cikin duhu ba, ku sauko kafin rana ta buɗe. Kuma duwatsun nan ba daji ba ne mara mai shi, akwai ƙauyuka da gonakin acca da dankali, akwai wuraren da mutanen gari ke girmamawa ba a shiga. In ka haɗu da dattijo ka rage gudu ka ce "Baba sannu da aiki, nan hanya ce?", sau da yawa shi zai ce maka "a'a ɗana, bi ta can ya fi sauƙi". In ka tarar da shanu ka tsaya su wuce, kare ya yi haushi kar ka ruga, takawa za ka yi a hankali har ka bar masa yankinsa. Shingen ƙerana da ake zagaye gonaki da shi kuma kar ka kama shi don neman madafa, farin ruwansa in ya shiga ido sai ka gwammace kiɗa da karatu.

To yanzu hawan kansa. Minti 10 na farko tafiya ce da ɗan sassarfa a fili har ka ji gumi ya fara tsattsafowa. Da hawa ya fara ka gajarta taku, ƙanana ƙanana kamar mai hawan bene da tire a hannu, ka ɗan karkato gaba kaɗan daga idon sawu ba ka duƙar da baya ba, hannu yana aiki. Ma'aunin shi ne magana, in ba za ka iya ce wa na kusa da kai jimla guda ba tare da ka yanke ba to ka yi sauri da yawa. Inda ya miƙe sosai kuwa ka daina gudun kawai ka taka, ka dafa cinya da hannu kana turawa. Samari suna jin kunyar wannan, su ga kamar faɗuwa ce, alhali manyan masu tseren dutse na duniya ma takawa suke a irin wurin, kuma sau nawa ina wuce mai gudu ina tafiya.

Gangara ita ce mugun. Kowa tsoron hawa yake, amma hawa huhu ya fi wahalarwa ka huta ya wuce, saukowa kuwa ita ke cin gwiwa da idon sawu, don kowane taku naman cinyarka ne ke riƙe nauyinka gaba ɗaya kamar birki. Ni nan na taɓa sakin jiki ina jin daɗin iska, na taka tsakuwa a kan falalen dutse, sai ganina na yi a zaune, tafin hannu ya sale, sati uku ina sallah a kan kujera. Abin da na koya, kar ka jefa ƙafa can gaba ka sauka a kan dunduniya, taku ya zama gajere mai sauri, ƙafa tana sauka a ƙarƙashin jikinka, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a ɗan buɗe. Idonka kar ya tsaya kan yatsunka, ka riƙa duban taku uku ko huɗu a gaba kana zaɓen wurin sawa. In gangaren ya yi tsanani ka bi shi a karkace, dama da hagu, yadda akuya ke yi. Kuma ku ba juna tazara, na baya yana iya turo dutse.

Damina, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, wurin ya fi kyau amma ya fi haɗari. Dutsen da ya yi baƙi-baƙi ko kore gansakuka ce, santsi kamar kuɓewa. Ciyawa ta yi tsayi, ba ka ganin rami balle maciji, don haka ka tsaya kan hanyar da aka taka kuma kar ka cusa hannu a kogo. Hadarin Jos ba ya sallama, wani lokaci har da ƙanƙara, da ka ji tsawa ka bar saman dutse ka sauko, kar ka fake gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai. Tsofaffin kududdufan haƙar kuza kuma komai zafin da ka ji kar ka ce za ka faɗa ka yi wanka, zurfinsu ya wuce yadda ido ke gani, sun ci mutane da yawa.

In kun sauko kar ka faɗa cikin keke nan take, ka taka minti 5, ka miƙar da sharaɓa da cinya, ka sha ruwa, ka duba safa da ƙafa ko kaska ta maƙale. Ciwon cinya ba ranar yake zuwa ba, sai gobe ko jibi za ka ji tsugunno ya gagara, wannan ba komai, da kansa yake tafiya. Wanda ba a wasa da shi shi ne ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko ciwon ƙirji da jiri, nan asibiti za ka nufa, mai hawan jini ko asma kuma ya ga likita tun kafin ya fara. Dutse sau ɗaya a sati ya isa a watan farko, sauran kwana biyu ka yi a fili, duk sati ka ƙara minti 5 kawai. Da azumi ni ajiye Shere nake gaba ɗaya, in ɗan zagaya unguwa bayan tarawi, sai bayan sallah da sati guda in koma, kuma daga minti 40 ɗin nan nake sake farawa.