Furen okid da hunturun farko a ƙasar sanyi

Makon jiya na je gaida wata ƙanwarmu da ba ta cika wata uku da zuwa ba. Tun daga bakin titi na hango tukunyar okid a barandarta, ganyen ya yi laushi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Na ce mata me ya kai shi waje a watan Nuwamba? Ta ce ai tsiro ne, so take ya sha iska. Raina ya ɓaci, domin ba ita ce ta farko ba, kuma da ta ɗaga waya ta tambayi ɗaya daga cikinmu da abin bai kai haka ba. Mutanenmu a nan ba su da rowar sani. Akwai matan da tagoginsu ke cike da furanni shekara da shekaru, amma sabbin zuwa sai sun yi ɓarna sannan su tambaya.

Ku fara da sanin wanda ke hannunku. Okid ya haura iri 25,000, amma wanda ya cika kantuna, mai faffaɗan ganye mai kauri, sunansa Phalaenopsis. Asalinsa dazuzzuka masu ɗumi na kudu maso gabashin Asiya, irin su Filifin da Indonesiya, inda yake maƙale a jikin bishiya, saiwoyinsa a iska. Bai san ƙanƙara ba. Idan ɗumin ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius ya fara wahala, dare ɗaya a waje cikin tsananin sanyi kuwa ya isa ya kashe shi. Ko daga kanti zuwa gida sai an naɗe shi da takarda, in ba haka ba furannin da ba su buɗe ba su yi rawaya su zube. Cymbidium, mai dogayen ganye kamar ciyawa, shi ne ke jure zama a waje lokacin zafi har zuwa kaka, sanyin daren ma shi ke sa shi fure. Duk da haka a shigo da shi kafin ƙanƙarar farko, a ajiye a ɗaki mai haske da sanyi-sanyi, wajen digiri 10 zuwa 12.

Haske da taki ba su da wuya. Rana gajera ce da hunturu, a matsar da shi kusa da taga mafi haske, kada ganye ya taɓa gilashi, kada kuma labule ya rufe shi tsakaninsa da gilashin da dare. Taki a rage sosai. Ruwa kuma a duba saiwa ta jikin tukunyarsa ta roba da ake ganin ciki: in kore ce a bar shi, in ta koma fara-fara a jiƙa shi da ruwa mai ɗan ɗumi, a bari ya tsane sarai. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganye, nan ruɓa ke farawa. Kada a canza masa ɓawon itacen da yake ciki da ƙasa, saiwarsa numfashi take. Idan furanni sun zube bai mutu ba, hutawa yake.

Inda na ji jiki shi ne wajen mai gidan da nake haya, kuma dalilin wannan rubutun ke nan.

Hunturuna na biyu ina da tukwane biyar a jere a kan dakalin taga na katako, hita, wato na'urar ɗumama ɗaki, tana ƙarƙashinsu. Zafin hita yana busar da iskar ɗaki, ganye suka fara yamushewa. Na ji an ce okid yana son danshi, sai na sayi na'urar fesa tururi na kunna ta dare da rana, na ƙara da fesa musu ruwa kowace safiya. Taga kuwa ban taɓa buɗe ta ba tun da sanyi ya shigo, wa zai buɗe taga ana dusar ƙanƙara? Kullum da asuba gilashi na zufa, ruwa na gangarowa, ni kuma ban ɗauke shi a bakin komai ba. Sai a watan Fabrairu da na janye labule na ga baƙar fumfuna ta bi kusurwar bango har sama. Na ɗaga tukwanen, katakon ya kumbura, fenti ya ɗaye, kowace tukunya ta bar zobenta.

Da na zo tashi daga gidan, mai gida ya zaga da takardarsa yana rubutu. Ya cire kuɗin katako, ya cire na fenti, ya cire na wanke bango daga kuɗin ajiyar da na ba shi ranar shiga. Ɓarnar tagar tawa ce, ban musa ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ya haɗa har da wani tabo a bayan ƙofa da na tarar tun ranar da na shigo. Na yi rantsuwa, ya ce ina shaida? Ba ni da hoto ko ɗaya. Takardar da ke bayyana halin da ɗakin yake ciki na sa mata hannu ranar farko ban karanta ba, saboda ɗokin samun wurin kwana. Kuɗin da na yi niyyar kama sabon gida da su suka tafi, sai da 'yan'uwa suka haɗa mini rance. Allah ya saka musu da alheri, amma ba na son ko ɗayanku ya tsaya inda na tsaya a ranar.

Don Allah ku ɗauki hoton kowace taga da kowace kusurwa kafin ku shigo da akwati, ku tura wa mai gida a rubuce don kwanan wata ya zauna. Ku sa faranti marar yoyo ƙarƙashin kowace tukunya. In kuna son ƙara danshi, tsakuwa a faranti da ɗan ruwa wanda bai taɓa gindin tukunya ba ya fi na'ura aminci. Ku goge gilashi da safe, ku buɗe taga minti goma kowace rana bayan kun kawar da furen daga hanyar iskar. Da kun ga ɗigon fumfuna, ku sanar da mai gida a rubuce tun ranar, domin wani lokaci laifin ginin ne, kuma shirunku zai mayar da shi naku.

Masu zuwa ziyara wata ƙasa su ga okid mai kyau su cusa a jaka kuma, ku bari. Duk dangin okid suna cikin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, kuma ƙasashe da yawa suna neman takardar shaidar lafiyar tsiro a bakin iyaka. Kwastan na iya ƙwacewa, su kuma ci ku tara, alhali takardun zamanku ba su gama zama ba.

Furen ƙanwar tamu dai mun shigo da shi, mun yanke ganye biyu da sanyi ya cinye. Saiwa uku suna nan kore, tsakiyarsa da ƙarfi. Na ce ta ajiye shi a kan tebur nesa da hita, kada ta ba shi ruwa sai na dawo ranar Asabar, kuma kafin nan ta nemo takardar gidanta mu karanta tare.