In Avidemux na jan ƙafa wajen buɗe bidiyo

Salamu alaikum 'yan'uwa masu haɗa bidiyon biki a Garwa da Marwa. In kun saka fayil ɗin MTS (irin bidiyon da kyamara ke ɗauka) a manhajar gyaran bidiyo ta Avidemux ta daɗe tana lissafi kafin ta buɗe shi, ku daina zargin manhajar. Sai ta karanta fayil ɗin tun daga farko har ƙarshe, don haka saurinta na bin saurin inda bidiyon yake. Kada ku yi aiki kai tsaye daga katin kyamara ko filash. Ku fara kwafe shi cikin kwamfuta, in da SSD (ma'ajiya mai sauri) ya fi, ta ramin USB mai shuɗin ciki, wanda ya fi sauri.

Ƙaramin fayil ɗin idx2 da ke fitowa kusa da bidiyon, inda Avidemux ke ajiye lissafin, don Allah ku bar shi. Kuna goge shi za ta sake lissafin daga tushe. A zafin Afrilu kuma, ku ɗaga laftof daga kan katifa ta sha iska.