Kurakuran da Ɗalibai Suka Fi Yi Wajen Auna G da Na'urar Cavendish

Na'urar da ake amfani da ita a ɗakunan gwajin jami'o'i wajen auna G, wato tsayayyen adadin da ake lissafa ƙarfin jan da ke tsakanin abubuwa masu nauyi da shi, ta samo asali ne daga gwajin da Henry Cavendish ya yi a Ingila a 1798: sanda rataye da siririn zaren ƙarfe, ƙananan ƙwallaye biyu a bakunanta, madubi a tsakiya mai mayar da hasken leza zuwa bango, duka a cikin akwati mai gilashi, sai manyan ƙwallaye biyu masu nauyin kilo 1.5 kowanne da ake kusantarwa daga waje. Ƙarfin jan da ke tsakaninsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin biliyan na niyuton (ma'aunin ƙarfi) ba. Don haka kusan komai a ɗakin ya fi shi ƙarfi.

Gaggawa ce ke kayar da yawancin ɗalibai. Lilon sandar zuwa da dawowa yakan ɗauki minti takwas zuwa goma, kuma kafin ta natsu sai an yi sa'a guda ko fiye. Ɗalibi sai ya juya manyan ƙwallayen, ya ga ɗigon leza ya tsaya a bango, ya rubuta. Ba tsayawa ya yi ba, ƙarshen lilo ya kai, zai komo. A ɗauki wuraren juyawa uku a jere, a haɗa na farko da na uku da ninki biyu na na tsakiya, a raba da huɗu. Nan ne matsayar gaskiya. Idan kuma yau aka rataya zaren, a bar shi ya kwana, domin sabon zare yana warware kansa a hankali, ɗigon ya riƙa gusawa gefe guda.

Sai iska da zafi. Fanka a kashe, taga a rufe, kada hasken rana ya sauka kan akwatin, kada kuma a tsaya kusa da shi ana hira. Ɗumin jiki kaɗai yana motsa iskar ciki. Janareta a bayan gini ma matsala ne. Teburin siminti ko kanta da ke manne da bango ya fi teburin katako.

A lokacin hunturu, busasshiyar iska tana sa cajin lantarki ya taru a gilashin akwatin, musamman idan an goge ƙura da tsumma. Jan wannan caji yana iya danne wanda ake nema gaba ɗaya. A haɗa akwatin da ƙasa da waya, a daina shafa gilashin.

A lissafi, tazarar da ke tsakanin cibiyar babban ƙwallo da ƙarami, kimanin milimita 46, ana ninka ta da kanta, shi ya sa kuskuren milimita 1 kan zama kusan kashi 4 cikin 100. Wannan na faruwa idan sandar ba ta daidai tsakiyar akwatin. Ana kuma mantawa cewa hasken da madubi ya mayar yana juyawa ninki biyu na juyawar madubin, sai amsa ta fito ninki biyu.

Wanda aka fi tsallakewa: kowane babban ƙwallo yana jan ƙaramin ƙwallo na nesa ma, ta kishiyar hanya. Idan ba a gyara wannan ba, amsa za ta gaza da kusan kashi 7 cikin 100. Bayan gyaran, wanda ya samu adadi cikin kashi 5 cikin 100 na 6.67 × 10⁻¹¹, wato ƙimar G da aka sani, ya yi aiki mai kyau da irin wannan na'ura.