Yadda ake saita makirufo da rage hayaniya a na'urar ji ta dashen kunne

Waɗanda aka yi wa dashen na'urar ji, da iyayen yaran da aka yi wa, kusan koke ɗaya suke kawowa bayan 'yan watanni: a ɗaki magana tana fita tas, amma da an shiga Babbar Kasuwar Sakkwato, ko an zauna wurin ɗaurin aure, ko maƙwabci ya tada janareta, sai komai ya cakuɗe. Galibi ba lalacewa na'urar ta yi ba. Lafiyayyen kunne yana da dubban ƙwayoyin gashi a cikin katantanwar kunne masu rarrabe sauti, dashe kuwa da 'yan tsirarun wayoyin lantarki yake isar da saƙo ga jijiyar ji: 22 a na kamfanin Cochlear, 16 a na Advanced Bionics, 12 a na MED-EL. Saboda haka idan makirufo ya kwaso magana haɗe da hayaniya, ƙwaƙwalwa ba ta da yadda za ta tace su sosai. Dole a yi tacewar tun daga waje, a na'urar da ke rataye a kunne ko manne a kai.

Mataki na 1: Duba makirufon kafin ka taɓa wani saiti

Wannan na sa a gaba domin a garinmu shi ne ya fi cutar da mutane, kuma shi ne aka fi mantawa. Yawancin na'urorin yanzu makirufo biyu gare su, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, da ɗan murfi mai tace datti a kansu. Cochlear da MED-EL suna ba da shawarar a sauya murfin duk bayan wata uku. Wannan lissafi ne na inda babu ƙura irin tamu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke bugawa, ka riƙa duba shi duk mako, ka sauya da zarar ka ga ya yi ja ko sauti ya dushe. Toshewar ba ta zuwa rana ɗaya, sannu a hankali take, har mutum ya saba da dusasshen sauti ya ɗauka jinsa ne ya ragu. Kuma idan makirufo ɗaya ya fi ɗan'uwansa toshewa, na'urar ba za ta iya gane gaba da baya daidai ba, duk saitin rage hayaniya ya tashi a banza.

Ka goge da busasshen ƙyalle mai laushi da ɗan burushin da ya zo a akwatin. Kada a sa allura ko tsinke a ramin makirufo. Idan bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, zufa ce abokiyar gaba: kowane dare a sa na'urar a akwatin busarwa, kada a shanya ta a rana ko kusa da murhu. A shafa mai da turare tukuna, su bushe, kana a ɗaura ta.

Sai maganar sutura. Hijabi, ɗankwali, rawani da bakin hula duk suna gogar makirufo, kuma ƙarar gogar ta fi muryar mai magana kusa da shi. Mata su zaɓi yadi mai laushi marar kauri, a sassauta shi ta gefen kunne. Maza su ɗan ɗaga hula daga saman na'urar. Wannan kaɗai yakan magance abin da aka daɗe ana ɗora wa saiti laifinsa.

Mataki na 2: Bambance ƙarfin sauti da nisan kamu

Abubuwa biyu ne da ake yawan rikitawa. Ƙarfin sauti yana ƙara ko rage duk abin da ke shigowa, magana da hayaniya baki ɗaya. Nisan kamu kuwa shi ke yanke ko makirufo zai kwaso ƙananan sautuka na nesa ko zai tsaya a kan na kusa. A cikin taro, ƙara sauti ba ya ƙara fahimta, gajiya da ciwon kai kawai yake ƙarawa. Abin yi shi ne a rage nisan kamu da lamba ɗaya ko biyu. Idan kuma dare ya yi shiru, kana son jin sallama daga zaure ko motsin jariri, sai a mayar da shi inda yake ko a ɗan ƙara. Ba kowa aka buɗe wa wannan maɓalli a rimot ko manhajar waya ba. Ƙwararren ji da ke yi maka saiti shi ke buɗewa, sai ka roƙe shi.

Mataki na 3: San inda makirufonka yake fuskanta

Akwai saitin da ke ɗaukar sauti daga ko'ina, akwai wanda ke mai da hankali gaba ya danne na baya. Na farko kamar fitilar ƙwai ce da ke haska ɗaki duka, na biyu kamar tocila, inda ka nufa nan kaɗai. A na'urorin Cochlear irin su Nucleus 7, Nucleus 8 da Kanso 2, tsarin SCAN yana sauraren wurin da kake ya zaɓa da kansa, ForwardFocus kuma yana danne abin da ke bayanka sosai. A SONNET 2 da RONDO 3 na MED-EL ana sarrafa abin da rimot ɗin FineTuner Echo ko manhajar AudioKey 2. Naída CI M na Advanced Bionics yana da AutoSense, da kuma T-Mic, ɗan makirufo da ke zama a bakin ramin kunne ya amfana da siffar kunnen kanta. Ka buɗe manhajarka ko rimot ɗinka a gida, cikin natsuwa, ka san kowane tsari da lambarsa. Tsakiyar kasuwa ba wurin koyo ba ne.

Mataki na 4: Ba kowane wuri saitinsa

Shawarata ita ce ka bar na'urar a tsarin da ke zaɓa da kansa a mafi yawan yini, ka taɓa ta kawai idan ya gaza.

A kasuwa, majalisa ko wurin biki, kunna saitin gaba, ka fuskanci mai magana, ka sa hayaniyar a bayanka. A nan mutane da yawa ke kuskure: sukan jingina da bango su fuskanci taro, alhali saitin gaba abin da ke baya yake dannewa. Wanda ya kamata ya jingina da bango shi ne abokin maganarka, kai ka juya wa taron baya.

Da ka fito titi, kashe saitin gaba. Wannan ba maganar jin daɗi ba ce, maganar rai ce. Ɗan kabu-kabu da ke tahowa ta bayanka yana hon, saitin gaba zai iya rage maka ƙararsa har ya iso. In kuma kai ne a bayan babur, iska ce za ta cika makirufo da huci. Tsarin rage ƙarar iska yana taimakawa, duk da ba ya kawar da ita gaba ɗaya.

Masallaci yana da nasa sha'ani. A manyan masallatai irin na Shehu da na Sarkin Musulmi Bello, muryar liman ta lasifika take zuwa, kuma lasifikar tana iya kasancewa a gefe ko a bayan sahunka. Idan ka kunna saitin gaba a nan, sai ka danne muryar da kake nema. Gara a bar shi a mai ɗauka daga ko'ina, a zo da wuri a nemi wuri kusa da lasifika guda ɗaya, domin tsakanin biyu amsa-kuwwa ce za ta dame ka.

Ƙugin janareta, fanka da injin niƙa shi ne ya fi sauƙi, domin sauti ne da ba ya sauyawa, kuma tsarin rage hayaniya, kamar ClearVoice na Advanced Bionics, irin sa ya fi iya ganewa. Abin da ba ya iyawa sosai shi ne muryoyin mutane da yawa a lokaci guda, tunda duk magana ce a wurinsa.

Mataki na 5: Rage tazara

A fili, duk lokacin da tazara tsakaninka da mai magana ta ninka, ƙarfin muryarsa yana raguwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, hayaniyar wurin kuwa tana nan yadda take. Taku biyu zuwa gaba sun fi kowane maɓalli. Inda matsowa ba ta yiwuwa, kamar aji ko wurin karatu, ƙaramin makirufo marar waya da ake maƙala wa malami a riga, irin Mini Microphone 2+ ko Roger, yana kawo muryarsa kai tsaye. Yana da tsada, amma ga ɗalibi ban san abin da ya kai shi amfani ba.

Mataki na 6: Idan yaro ne

Iyaye, kada ku bar ƙaramin yaro a saitin gaba yini guda. Yaro yana koyon harshe ne daga abin da yake tsinta a gefe da baya, hirar uwa da maƙwabciya, kiran yayyensa a tsakar gida, ba daga wanda ya tsaya gabansa kaɗai ba. Kowace safiya ku yi masa gwajin sautuka shida na Ling: mm, uu, aa, ii, sh, ss. A tsaya a bayansa ko a rufe baki da faifai don kada ya karanta leɓe, a faɗi ɗaya bayan ɗaya. Idan sh da ss suka ɓace alhali jiya yana jin su, a fara da murfin makirufo, sannan batir da wayar da ke haɗa sassan na'urar. Wasu na'urori suna zuwa da abin sauraro da mai lafiyayyen kunne zai jona ya ji yadda makirufon ke ɗauka. A Islamiyya, inda yara ke ɗaga murya tare, ku je da kanku ku gaida malam, ku roƙe shi ya zaunar da yaron a gabansa.

Mataki na 7: Rubuta, sannan ka kai wa ƙwararre

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, ka ba shi kwana biyu ko uku, domin ƙwaƙwalwa tana bukatar sabo. Ka rubuta wurin, saitin da ka yi amfani da shi, da abin da ya gagara: muryar mata ce, ko lasifika, ko waya. Da yawa daga cikinmu sai sun yi doguwar tafiya kafin su ga mai saita musu na'ura, kuma "ba na ji sosai" ba ta ba shi abin kamawa. Na'urori da yawa suna ɗaukar tsari har huɗu, sai ka nemi a ware maka na kullum, na taro, da na hanya.

Amma idan sauti ya fara yi maka zafi, ko gefen fuska yana motsi da kansa in an kunna na'ura, ko fatar da ke ƙarƙashin maganaɗisun da ke manne na'urar a kai ta yi ja ko ta kumbura, ko ji ya faɗi farat ɗaya bayan an sauya murfi da batir da waya, wannan ya wuce rimot. A cire na'urar in tana ciwo, a garzaya sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a kuma sanar da cibiyar da ta yi dashen.