Gashin Nama a Ganga Mai Murfi: Inda Aka Fi Yin Kuskure da Wuta

Wanda ya saba da tukubar mai tsire, ranar da ya koma ga gangar gashi mai murfi hannunsa ne zai fara yaudararsa. A tukuba wuta a buɗe take: ta yi ƙasa ka ɗauki mafici, ta yi yawa ka ja tsinke gefe. A ganga kuwa nama ba ya taɓa harshen wuta. Zafi da hayaƙi ne ke kewaye shi awanni da yawa, tsakanin digiri 107 zuwa 120 a ma'aunin Salsiyas, irin gashin da mutanen Texas a Amurka suka yi suna da shi. A wannan zafin ne jijiyar ƙirjin saniya ko ta kafaɗar rago ke narkewa sannu a hankali har nama ya riƙa saki da kansa. Kuma iska ce ke tafiyar da wutar nan. Yawancin ɓarnar da ake yi, daga rashin gane haka take tasowa.

Tun wajen hura wuta ake fara kuskure. Mutum ya cika kwandon wuta na cikin ganga da gawayi, ya fifita har duk ya zama jan garwashi, sannan ya ɗora nama. Ganga ta haura digiri 200, bayan awa biyu kuma komai ya zama toka, nama ya ƙone a waje, ciki da saura. Gyaran shi ne ka zuba baƙin gawayi a kwando, ka kunna kamar cikin hannu biyu a gefe, idan ya kama sosai ka juye shi a kusurwa ɗaya. Wutar za ta riƙa cin na kusa da ita tana matsawa, zubin gawayi ɗaya ya kai ka wuni. Ka tankaɗe garin da ke ƙasan buhu, don toshe hanyar iska yake yi. Gawayin kirya ya fi daɗewa saboda nauyinsa. Wanda ya sha laimar damina kuwa shanya shi tukuna. Kananzir, fetur da leda, waɗannan ba su da wuri a nan. A rufaffen wuri warinsu cikin nama yake shiga, babu yajin da zai ɓoye shi.

Sai ƙofofin iska, inda aka fi shan wahala. Guda biyu ne, ta ƙasa mai shigo da iska da ta sama mai fitar da hayaƙi. Da zafi ya yi yawa sai ka ga mutum ya kai hannu ya rufe ta sama, wai yana kashe wa wuta ƙarfi. Abin da ya yi kawai shi ne ya kulle hayaƙi da nama a ɗaki guda, wuta ta shaƙe, hayaƙin ya yi kauri ya kwanta a jikin naman, a zo ci a ji ɗaci mai maƙale wa harshe. Ta sama a bar ta a buɗe. Da ta ƙasa ake tuƙi.

Ita ma tuƙin nata da ladabi. Ɗaga zafi abu ne mai sauƙi, sauko da shi ne aiki, domin gawayin da ya riga ya kama ba ya mutuwa don ka ce ya mutu, ƙarfen gangar ma ya riƙe zafi. Saboda haka tun allurar ma'aunin zafi tana wajen digiri 90 za ka fara rage ƙofar, ka bar tsaga kamar faɗin ɗan yatsa, zafin ya ƙarasa hawa da kansa. Duk lokacin da ka taɓa ta, jira minti 15 kafin ka sake. Mai gajen haƙuri yakan buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa cikin minti biyar, ya wuni yana bin allura sama da ƙasa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Digiri 10 sama ko ƙasa ba ya ɓata nama, ƙyale shi.

Yawan ɗaga murfi ma haka. Ana ɗauka zafi kawai ke fita, alhali iska ce ke kwararowa ta farfaɗo da garwashi, ka mayar da murfi ka ga allura ta zarce inda take a da.

Hayaƙi kuma, ba banda ake yi ba. Mai bandar kifi so yake kifinsa ya bushe ya kai kasuwa. Kai taushi kake nema da ɗan ƙamshi. Farin hayaƙi mai tuƙuƙi alama ce itacen bai kama da kyau ba, kada ka ɗora nama sai ya koma siriri mai ɗan shuɗi, wanda da ƙyar ake ganinsa. Guntaye biyu ko uku na busasshen icen mangwaro ko gwaba sun isa. Ɗanyen ice da katakon da ya sha fenti ko maganin gara, a nesanta su. Jiƙa ice a ruwa kuwa ɓata lokaci ne, tururi kawai yake bayarwa.

Kada ka ba ma'aunin da ke jikin murfi amana gaba ɗaya. Zafin saman ganga yake faɗa maka, naman kuwa yana ƙasa a kan raga, bambancin kan yi yawa. Nemi ma'auni mai tsinke guda biyu, ɗaya kusa da naman, ɗaya cikin tsoka inda babu ƙashi. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74. Ƙirjin saniya ba ya yin taushi sai wajen 90 zuwa 95. A hanya, tsakanin digiri 65 zuwa 75, zafin cikin babban nama yakan tsaya cik, wani lokacin awanni. Nan ne ake firgita a ƙara gawayi a buɗe ƙofa duka. Wutar lafiyarta ƙalau. Ruwan da ke fita daga jikin naman ne ke sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ko ka jira, ko ka naɗe shi a takardar alminiyam ka mayar.

Idan zafi ya faɗi alhali da sauran gawayi, duba toka kafin komai, girgiza kwandon a hankali ta zube. Lokacin hunturu juya ƙofar ƙasa ta ba iska baya, in ba haka ba iskar ce za ta yi maka tuƙi.

Masu ba maƙerin walda ganga ya yanka musu gab da Babbar Sallah, su tambayi abin da aka taɓa zubawa a cikinta. Wadda ta ɗauki sinadari ko maganin ƙwari ba ta gashi ba ce, ko an ƙona ta. Kuma ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, kada a shigar da ita ɗaki ko gareji: gawayi na fitar da iskar guba marar wari wadda ke kashe mutum yana zaune.