Yadda Ake Haɗa Lambun Gida da Tsirran Yankinka Don Jawo Tsuntsaye da Ƙananan Halittu

Wanda yake son tsuntsaye su zauna a gidansa, ƙwari zai fara yi wa tanadi. Yawancin ƙananan tsuntsaye, har masu cin tsaba, da tsutsa suke ciyar da 'ya'yansu a sheƙa, domin tana da laushi kuma tana gina jiki. Ita kuwa tsutsar ba kowane ganye take ci ba. Kowane tsiro yana da ɗaci ko dafin da yake kare kansa da shi, kuma yawanci ƙwarin da suka daɗe da shi a yanki ɗaya ne cikinsu ya saba. Tsutsar wani malam-buɗe-littafi na Afirka da Asiya tana cin tumfafiya lafiya lau, duk da farin ƙaron nan mai guba. Ka kawo mata furen ado daga wata nahiya, sau da yawa sai ta mutu da yunwa a kansa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018, kan wani ɗan tsuntsu mai cin ƙwari a gidajen Washinton, ya gano cewa adadinsa ba ya ɗorewa sai tsirran asalin yankin sun kai kusan kashi 70 cikin 100 na shuke-shuken gidan. Wannan adadi ya isa ya zama ma'auninka.

Mataki na farko: ka san filinka

Kafin ka sayi ko dashe ɗaya, ka duba rana. Wurin da yake samun awa 6 ko fiye a wuni na masu son rana ne, wanda bai kai awa 3 ba inuwa ce. Sai ka haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika da ruwa ya tsotse, ka sake cikawa. Idan na biyun ya ƙafe cikin awa ɗaya, ƙasar yashi ce. Idan ya kwana, laka ce ko ƙasar ta danƙare. Kada ka yi faɗa da ƙasar da ka samu. A kowane yanki akwai tsirran yashi, akwai na fadama, sai ka zaɓi waɗanda suka dace. Fili mai mita 2 da mita 3 ya ishi mai farawa.

Mataki na biyu: tantance ɗan asali da baƙo

A nan mutane suka fi yin kuskure, don yawan ganin itace a unguwa ba ya nufin ɗan wurin ne. Darbejiya ta cika garuruwa da yawa a Afirka, amma daga yankin Indiya aka kawo ta. Lantana, wadda ake shukawa don furenta kala-kala, daga yankin Amurka mai zafi ta fito, kuma ta mamaye makiyaya a Afirka da Indiya da Ostireliya, ga shi tana cutar da dabbobin kiwo. Abin da ya sa ta fi haɗari shi ne malam-buɗe-littafi na son ruwan furenta, tsuntsaye na cin 'ya'yanta su watsa irin ko'ina, mai lambu kuwa yana ganin ya yi abin kirki.

Ka je dajin da ya fi kusa da kai wanda ba a nome ba, ka lura da abin da ya fito da kansa da kuma wanda ƙwari suka fi yi wa rubdugu. Ka ɗauki hoton ganye da fure da 'ya'ya, ka nuna wa jami'in gandun daji ko malamin tsirrai. Manhajar iNaturalist tana taimakawa, amma a tabbatar da amsarta wajen masani. Ka riƙe sunan kimiyya na tsiron, domin suna ɗaya a bakin mutane kan hau tsirrai biyu ko uku.

Mataki na uku: tsara shukar hawa-hawa

Daji ba shimfiɗa ɗaya ba ne, kuma kowace halitta da hawan da take zama. Kana bukatar itace ɗaya idan fili ya ba da dama, da gajerun itatuwa masu duhuwa 3 zuwa 5, da furanni, da ciyayi masu tsiro dunƙule-dunƙule. Hawan tsakiya shi ake yawan mantawa da shi, alhali a cikin duhuwa, musamman mai ƙaya, ƙananan tsuntsaye suke sheƙa suna tsere wa shaho da kyanwa. Inda ɓaure ɗan asali ne, da wuya a samu itacen da ya fi shi tara tsuntsaye da jemagu, sai dai saiwarsa tana fasa gini da bututun ruwa, don haka sai gida mai faɗi, nesa da bango sosai.

A zaɓi furanni yadda za a samu aƙalla iri 3 suna fure a kowane lokaci na shekara. Lokacin da gari ya bushe ko sanyi ya kama shi ne na yunwa, kuma tsiron da yake fure a wannan tsakanin ya fi goma masu fure lokacin wadata. A dasa kowane iri a tare, guda 5 zuwa 7 cikin kamar murabba'in mita ɗaya, don ƙudan zuma sun fi ganin taro. A guji furen da aka yi wa aure har ganyen furensa ya ninku ya cushe, yawanci ba shi da garin fure, ƙwaro ma ba ya samun hanyar shiga.

Mataki na huɗu: share wuri da dasawa

Kada ka fesa maganin ciyawa. Ka sare ta ƙasa-ƙasa, ka shimfiɗa kwali marar leda, gefe ya hau gefe da santimita 15, ka jiƙa, ka rufe da busasshen ganye mai kaurin santimita 8. Cikin wata 2 zuwa 3 ciyawar ta ruɓe. Ka daidaita aikin yadda dashe zai faɗo farkon saukar ruwa.

Ramin dashe ya ninka dunƙulen saiwa sau biyu a faɗi, amma kada ya fi shi zurfi. Binne wuyan tsiro shi ke ruɓar da shi, kuma ba ya nunawa sai bayan watanni. Ka mayar da ƙasar da ka haƙo, ba tare da takin zamani ba. Tsirran daji sun saba da ƙasa marar ƙarfi, taki mai yawa yana sa su yi tsawo su kwanta, ganye ya yi yawa fure ya ragu, ciyawa kuma ta samu abin da take so. Irin da ke da ɓawo mai tauri, kamar na bagaruwa da danginta, a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefensa. Wanda ya kumbura shi za a shuka. Idan daga daji za ka samo iri, ka ɗebi kaɗan daga tsirrai da yawa, kada ka tumɓuke uwar.

A shekarar farko a ba da ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako, ya ratsa ƙasa sosai. Yayyafi kullum yana tsayar da saiwa a sama, da rani ya zo sai tsiron ya ƙone. Ganyen da aka rufe ƙasa da shi ya tsaya santimita 5 daga jikin tsiro, saboda ruɓa da gara.

Mataki na biyar: ruwa da maɓoya

Kasko mai faɗi, zurfin ruwan santimita 2 zuwa 5, da tsakuwa a ciki don ƙudan zuma su sauka ba su nutse ba. A ajiye shi kamar mita 3 daga duhuwa, inda tsuntsu zai hango kyanwa kafin ta iso. A zubar a wanke duk kwana 2 ko 3. Sauro na iya girma daga ƙwai cikin mako ɗaya, wanda ya yi sakaci da wannan ya buɗe gonar sauro.

Akwai ƙudan zuma kusan iri 20,000 a duniya, yawancinsu ba sa yin saƙa, kowace ita kaɗai take zaune, kuma kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasa suke haƙa rami. Ka bar musu wani ɓangare na ƙasa a fili, mai rana, babu rufi babu tono. Sauran kuma a huda musu busasshen katako da ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 10, zurfin kamar santimita 15, a rataye inda ruwa ba ya bugu. A sauya katakon duk shekara 2, tsoho yana tara cuta. Tarin itace da duwatsu a lungu zai kawo ƙadangaru da kwaɗi, amma maciji ma yana sonsa. A yi shi can ƙarshen fili, nesa da ƙofa da wurin wasan yara, a kuma riƙa sare ciyawar gefen hanya.

Abubuwan da ke ɓata aikin

Babbansu shi ne feshi. Ranar da ka ga ganye ya huje, lambun ya fara aiki ke nan. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, takan fara zuwa, masu cinta su biyo baya da mako ɗaya ko biyu, idan ka fesa a tsakani ka kashe su duka, kuma darɓar ce za ta riga dawowa. Idan ta yi yawa a kan ƙaramin dashe, a wanke ta da ruwa mai ƙarfi. Ka tambayi mai sayar da dashe ko an ba shi maganin ƙwari mai shiga jikin tsiro, irin wannan yana kaiwa har cikin fure.

Tsafta mai yawa ma ɓarna ce. A cikin busasshen ganye da karan da ya mutu tsutsa take kwanciya kafin ta rikiɗe, don haka a bar ganyen a gindin itace, a bar kan fure ya bushe da irinsa. Fitila mai haske duk dare tana gajiyar da ƙwarin dare har su mutu, a kashe ta ko a sa mai launin ɗorawa da ke kallon ƙasa. Tagar gilashi mai nuna hoton itatuwa tana kashe tsuntsaye, a manna mata ɗige-ɗige ta waje, tazarar santimita 5.

Shekarar farko lambun zai yi kamar ya tsaya, domin ƙarfinsa a saiwa yake. Aikinka a lokacin shi ne cire baƙuwar ciyawa da hannu tun ba ta yi iri ba, kuma ka kafa ɗan tsinke kusa da kowane dashe don kada ka tuge shi tare da ita.