Yadda ake ƙidaya madobiya a daji da rainon ƙanananta

Madobiya na cikin itatuwan da ke dab da ƙarewa. Yawan jigilar katakonta zuwa ƙasar Sin ya sa tun 2017 cinikinta ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe. A dazukan da ke kewaye da Zariya jefi-jefi ake ganinta a tsakanin doka, maje, kawo da kaɗanya, don haka sai an fara sanin abin da ya rage.

A kafa turaku huɗu, a ja igiya a fitar da fili mita 20 tsawo, mita 20 faɗi. A yi irin wannan goma ko fiye, nesa da juna, kada duk su taru a bakin hanya inda masu sara suka riga suka ratsa. A kowane fili a rubuta sunan kowace bishiya, ba madobiya kaɗai ba, a auna kewayen gangar jikinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a raba da 3.14 don samun kauri. A kusurwa ɗaya a ware mita 5 sau 5 a ƙirga ƙanana. A ƙirga kututture ma.

Dajin da ke da lafiya ƙanana sun fi manya yawa nesa ba kusa ba. In aka tarar da manya tsilli-tsilli babu na baya, matsalar galibi gobara ce da kiwo. Akwai kuma sassabe rassa don ciyar da shanu da rani, daidai lokacin da take fitar da furenta ruwan ɗorawa, sai iri ya yanke. A zauna da ardo da mai unguwa a ware uwayen bishiyoyi masu ba da iri da ba za a taɓa ba. A share hanyar tare wuta mai faɗin mita 5 a watan Oktoba, kafin ciyawa ta bushe ƙayau.

Wajen raino, a tsinko busassun 'ya'yan a kan uwa, a yanke fiffiken da ƙayar tsakiyar da almakashi, a jiƙa kwana guda, a shuka a leda mai ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Saiwarta na nutsewa da wuri. In ba a riƙa ɗaga ledar duk mako biyu ba, za ta huda ta kama ƙasa, ta tsinke ranar dashe. A dasa a Yuni ko Yuli in damina ta zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki.

Kututturen da ya yi toho kada a tone shi. A bar masa toho biyu masu ƙarfi, a datse sauran.